Kundin gyaran ThinkPad ɗin shagon Yaya: Mint ya ƙi zama a ɓangare na huɗu

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Kwamfutar shagon Yaya ce: Lenovo ThinkPad T430, ƙirar 2012, firosesa i5 zubi na uku, RAM giga 8, faifan ajiya irin mai juyawa na giga 500. Da ita ake buga takardu da katunan biki da kalandar makarantu. Windows 10 ne a kanta, shi kuwa tun 14 ga Oktoba aka daina aiko masa da sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Windows 11 ba zai hau ta hanyar da aka amince da ita ba, domin yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Shi ya sa tun kwanakin baya muka tsayar da magana cewa za a ɗora Linux Mint 22.2, wani tsarin sarrafa kwamfuta madadin Windows, a gefe, harkar intanet da ta banki su koma can, Windows ya tsaya a kan manhajar zane ta CorelDraw kaɗai. Akwai wani ɓangare a faifan, E:, wanda tun da aka sayi kwamfutar ba a taɓa ajiye komai a ciki ba. Nan aka ware wa Mint.

Ɗanta na fari bai jira ni ba, ya yi aikin da kansa daren Asabar. Yau suka kawo ta a jakar leda da cajarta, Yaya na cewa ta mutu.

"Kawu, ta kusa gamawa fa, sai kawai ta tsaya," in ji shi.

Abu ɗaya da ya yi wanda ya burge ni: ya ɗauki hoton allon da wayarsa kafin ya kashe. Ga abin da ke rubuce: "The 'grub-efi-amd64-signed' package failed to install into /target/. Without the GRUB boot loader, the installed system will not boot." Wato fayilolin Mint sun shiga, GRUB, manhajar da za ta tayar da shi, ita ce ta ƙi zama. Daga nan ya kalli wani bidiyo, ya shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi wajen tashi, ya juya abubuwan da shi kansa ba ya iya tuna su.

In an kunna, tambarin Lenovo ya fito, sai jerin na'urorin da za a iya tashi daga cikinsu. Ka zaɓi faifan, allo ya yi ƙiftawa ɗaya, ya dawo da kai jerin. Na danna F1, na shiga shafin Startup. Layin UEFI/Legacy Boot, mai zaɓa tsakanin sabuwar hanyar tashi (UEFI) da tsohuwar (Legacy), yana kan UEFI Only. Na mayar da shi Both, na sa Legacy First, na danna F10. Windows ya tashi lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Yaya ta so ta ɗauki abarta ta tafi nan take. Na roƙe ta ta bar mini ita, na kuma yi mata alkawarin ba zan rubuta ko da harafi ɗaya a faifan ba sai na ga abin da ke cikinsa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na sa filash ɗin da yaron ya ɗora Mint da shi, na danna F12. Maimakon Mint, sai jan gargaɗin Rufus, manhajar da aka rubuta filash ɗin da ita, ya cika allo: "ERROR: BIOS/LEGACY BOOT OF UEFI-ONLY MEDIA". To, rabin labarin ya fito. Lokacin da ya rubuta filash ɗin ya zaɓi GPT, sabon tsarin raba faifai, don haka ba shi da hanyar tashi sai ta UEFI. Na koma BIOS na sa UEFI First, Mint na gwaji ya buɗe.

Umarni biyu na fara bugawa a Terminal, tagar da ake rubuta umarni. Na farko `ls /sys/firmware/efi`. In foldar tana nan da kaya a ciki, ta UEFI aka tashi. In babu ita, ta tsohuwar hanyar BIOS ce. Tana nan. Na biyu `sudo parted -l`, wanda ya ce teburin ɓangarorin faifan msdos ne, wato MBR, tsohon tsarin raba faifai, da ɓangarori huɗu, dukkansu na tushe: sda1 ƙaramin System Reserved, sda2 shi ne C: mai giga 150, sda3 shi ne D: inda duk aikin shago yake, sai sda4, tsohon E:, kimanin giga 100, wanda yanzu ya zama ext4, tsarin fayil na Linux.

Nan matsalar take gaba ɗayanta. MBR tsari ne da ya zo tun 1983 tare da PC DOS 2.0. Faifai a rarrabe yake ƙananan gidaje da ake kira sekta, kuma ta farko, mai bayit 512, ita ce komai: 446 na farko domin lambar tayarwa da 'yan tarkacenta, 64 domin teburin ɓangarori, 2 na ƙarshe hatimin 55 AA. Kowane ɓangare yana cin bayit 16 a teburin, saboda haka gurbi huɗu ne ba ƙari. BIOS na dā yana karanta wannan sekta ya bi abin da ta ce. UEFI kuwa bai damu da lambar da ke ciki ba. Shi ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT yake nema, wanda ake kira ESP, ya ɗauki fayil mai ƙarewa da .efi daga can. Windows ɗin wannan kwamfuta ta tsohuwar hanya aka ɗora shi, don haka babu ESP. Manhajar ɗora Mint ta tashi ta UEFI, ta nemi ESP ta sa GRUB, ba ta samu ba, kuma babu gurbi na biyar da za a yanka shi.

Na tambayi yaron ko bai ga wani gargaɗi ba kafin a fara kwafi. Ya ce ya ga wani dogon rubutu, ya danna Continue. Wannan rubutun shi ne mai cewa ba a sami ESP ba, kuma mai yiwuwa aikin ya faɗi. Ban ga laifinsa sosai ba. Gargaɗin da ke barin mutum ya wuce da dannawa ɗaya, yawancinmu wucewa muke yi. Kuma ko da ya yi dabara ya samar da ESP ɗin, da sauran rina a kaba: GRUB da ya tashi ta UEFI ba ya iya miƙa wa Windows na BIOS ragama. Sai dai kullum a riƙa shiga saiti ana juya layi, abin da Yaya ba za ta taɓa yi ba alhali mai katin suna na tsaye a kanta.

Da na buɗe D: daga Mint, ya buɗe amma na karatu kawai, ba a iya rubutu. Fast Startup ne, wanda ya zo tun Windows 8: in ka ce Shut down, ba mutuwa yake yi duka ba, yana adana halin da yake ciki a fayil ɗin hiberfil.sys ya kwanta. Linux na ganin haka sai ya ƙi rubutu a NTFS, tsarin fayil na Windows, kuma gaskiyarsa ce. Abin da ya ɗan tayar mini da hankali shi ne an goge E: ne a lokacin da Windows ke kwance da tunanin E: na nan yadda ya bar shi. Allah ya tsare, bai taɓa komai ba. Na shiga Windows a matsayin mai cikakken iko na buga `powercfg /h off`, na kashe ta kashewa ta gaske.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Jiya da nake leƙa foldar katunan biki a D:, na lura tana ɗan sandarewa, kuma daga gefen da faifan yake ana jin wani sauti, ƙas, shiru, ƙas, shiru. Yau na bi ta kansa.

`sudo smartctl -a /dev/sda`, mai karanta SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa a kan kansa, ya fara da cewa PASSED. Wannan kalma ta yaudari mutane da yawa, domin faifai kan ci gaba da cewa haka har ya kusa kai gargara. Layukan ƙasa ne abin dubawa. Lamba 5, sektocin da suka lalace aka musanya su da na ajiya: ba sifili ba ne. Lamba 197, waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci a kansu: ba sifili ba. 198 ma haka. Lamba 199, mai nuna matsalar waya ko mahaɗi, sifili ce, don haka ba zancen a zare a goge a mayar ba ne. Cikin faifan ne ke ciwo. Na sa gajeren gwaji, `smartctl -t short`, ya tsaya da "read failure" ya ba ni lambar sektar da ya yi tuntuɓe. Na gwada lambar da farko da ƙarshen kowane ɓangare a `fdisk -l`. Ta faɗa tsakiyar sda3. Cikin kayan shago ke nan.

An ajiye maganar Mint. Na san masu gyara da yawa a nan `chkdsk /r`, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, za su sa, su tafi cin abinci. Ni ba na yin haka a faifan da ke mutuwa. Aikin yana tilasta wa kan karatu ya yi ta komawa wurin da ya lalace, yana kuma rubuta gyare-gyare a kan kwafi ɗaya tilo da ake da shi. In faifan ya cika a tsakiyar aikin, ba tsuntsu ba tarko.

Na ɗauko faifan waje na tera 1 mai tsarin NTFS, tunda FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4, hoton faifan da zan ɗauka kuwa, wato kwafinsa gaba ɗaya a fayil guda, giga 500 ne a dunƙule. Na sauke gddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai ciwo, na buga `sudo ddrescue -d -n /dev/sda faifai.img faifai.map`. Hikimar wannan manhaja ita ce ba ta tsayawa jayayya da wuri mai wuya. Tana kwashe mai sauƙi tukuna, ta yi alama a inda ta sha wahala, ta tsallake, sai daga baya ta dawo. Duk abin da ta yi tana rubuta shi a fayil na ukun nan, taswirar.

Sda1 da sda2 sun wuce sumul. Da aka shiga sda3 sai na ga lambar gudu ta faɗo daga gomman megabayit a daƙiƙa zuwa 'yan kilobayit, wani lokaci sifili, sautin nan na dawowa, sannan ta yunƙura ta ci gaba. Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ba ya riƙe ko na alwala, allo ya yi baƙi nan take. Da wuta ta dawo na sake tayar da Mint daga filash, na buga umarnin nan dai ba tare da canja ko harafi ba, ya duba taswira ya ɗora daga inda ya tsaya. Da `dd` zalla, umarnin kwafi na yau da kullum, na yi amfani, da daga farko za a koma, a sake wahalar da faifan da ba shi da sauran ƙarfi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Zagayen farko ya ƙare jiya. Na ƙara wani da `-r3` don ya sake gwada wuraren da suka gagara. Ya ceto wasu, wasu sun ƙi. Abin da ya rage bai kai megabayit ɗaya ba.

Sai dai ƙanƙantar adadin ba ta gaya maka komai sai ka san a jikin wane fayil ramukan suke. Na haɗa hoton da `losetup -r -P` don ya bayyana kamar faifai na karatu kawai. Taswirar tana ba da wurin kowane rami da bayit, an ƙirga daga farkon faifai. Na raba da 512 na sami sekta, na cire sektar da sda3 ya fara, na miƙa wa `ntfscluster -s` sakamakon. Shi kuma ya faɗi sunan fayil ɗin da ke zaune a wurin. Aiki ne mai cin rai, rami bayan rami, da biro da takarda a gefe. Sakamako: wani bidiyon walima, da fayilolin CorelDraw guda biyu, ɗaya kalandar bara ce ta wata makarantar Islamiyya. Sauran ramukan sun faɗa inda babu komai. Teburin fayiloli na NTFS bai sami rauni ba, wanda shi ne babban abin da nake tsoro.

Da yamma Yaya ta biyo. Na nuna mata takardar, na ce faifan nan kwanansa ya ƙare, a sayi SSD, irin faifan da ba ya juyawa.

"Ba ga shi tana tashi ba? Kai dai sa mini abin da za ka sa, in wata ya ƙare a ga abin da hali ya yi."

"Yaya, ko na sa, ba lallai ya zauna ba."

"Gwada dai. Ba ka ce ka kwafe komai ba?"

Ba ta yi ƙarya ba, na kwafe. Kuma ɓangaren da ake so a yi aikin, sda4, bai nuna rami ko ɗaya a taswirar ba. Na yarda zan gwada ta hanya mafi sauƙi: a bar teburin MBR yadda yake, a tayar da filash ta BIOS, Mint ya zauna a sda4, GRUB ya shiga sekta ta farko. Ba a buƙatar sabon gurbi, tunda Mint fayil yake amfani da shi a madadin ɓangaren swap, wurin da ke tallafa wa RAM in ta cika.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na bar filash ɗin yaron yadda yake, na ɗauko nawa. Na tabbatar da lambar `sha256sum` ta fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin ɗora Mint da aka sauke, ta yi daidai da wadda Mint suka wallafa, na rubuta shi da Rufus a tsarin MBR. BIOS ya koma Legacy First. A wannan karon `ls /sys/firmware/efi` ya ce babu irin wannan folda, abin da ake so ke nan. Na zaɓi Something else, na nuna sda4, ext4, a goge, mazauninsa / (wato tushen Mint), manhajar tayarwa kuma a /dev/sda. Babu gargaɗin ESP.

An wuce rabin kwafi sai sandar ci gaba ta daskare. Can sai ga saƙo: "The installer encountered an error copying files to the hard disk: [Errno 5] Input/output error".

Wannan saƙo ba ya nuna mai laifi. Yana iya zama filash, yana iya zama faifai, wani lokaci ma RAM. Kafin a rufe komai sai a buɗe Terminal a buga `sudo dmesg`, a karanta ƙarshensa. In layukan suna cewa SQUASHFS error, daga wajen karatu ne, a tuhumi filash ko ISO, in su ma lafiyarsu ƙalau a gwada RAM da memtest86+. In kuwa ata1.00 ake ambata da sda, wajen rubutu ne. Nawa babu SQUASHFS ko ɗaya. Abin da ya cika allon shi ne "failed command: WRITE FPDMA QUEUED", sai "I/O error, dev sda, sector" da doguwar lamba, daga ƙarshe ext4 ya mayar da kansa na karatu kawai don kare abin da ya saura. Lambar sektar tana cikin sda4, wurin da ranar Laraba aka karanta shi tas. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na sake duba SMART, lamba 5 da 197 duk sun haura.

Tunda aikin ya faɗi kafin a kai ga GRUB, sekta ta farko ba a taɓa ta ba, Windows na tashi. Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya ba tare da dogon bayani ba. Amsarta: "Nawa ne SSD ɗin?"

Talata, 11 ga Nuwamba

Na shiga Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano. An fi tura mini mai giga 480 saboda ya fi sauƙin kuɗi, na ce a'a. Hoton da na ɗauka na faifai ne sukutum, bayit 500,107,862,016, ba zai shiga 480 ba sai an yi ta yanke-yanke. Na ɗauki mai 512.

Sauya faifai a T430 ba wuya: sukuru ɗaya, murfi ya fita, a ja faifan da 'yar igiyarsa, a mayar da robobin gefe jikin sabon. Na tashi daga filash, na juya akalar ddrescue, daga faifai.img zuwa /dev/sda, da `-f` tunda a kan na'ura za a rubuta. Sai da na karanta `lsblk` na tabbatar wane ne SSD wane ne faifan waje kafin na danna Enter, domin a wannan umarni in aka juya sunaye babu wanda zai tambaye ka ko ka tabbata.

Windows ya tashi daga SSD, da saurin da yaron ya ce ko sabuwa aka sayo. Tsohon faifan na naɗe shi na rubuta kwanan wata a jiki na sa a durowa. Ba a haɗa shi da kwafinsa a Windows lokaci guda, saboda lambar shaidarsu ɗaya ce, ɗayan zai koma offline.

Yanzu ne lokacin chkdsk ya yi, a kan lafiyayyen faifai. Na yi amfani da `chkdsk D: /b`. NTFS yana riƙe da jerin wuraren da ya taɓa samu a lalace, kuma jerin ya biyo hoton zuwa SSD inda wuraren ba su da aibi; `/b` na share jerin ya sake dubawa. Bai ce komai ba game da fayiloli ukun nan, kuma ba zai ce ba. A wajensa suna nan da sunansu da girmansu, bai san an cike tsakiyarsu da sifili ba. Takardar ranar Juma'a ce kaɗai ta san su.

Laraba, 12 ga Nuwamba

A kan SSD, hanyar ranar Asabar za ta yi aiki, kuma wanda ya bi ta bai yi kuskure ba. Ni dai na zaɓi in mayar da faifan GPT. Dalilina: gurbi 128 maimakon 4, ga kwafin tebur na biyu a ƙarshen faifai in na farko ya lalace, sannan Windows da Mint kowa zai sami foldarsa a ESP maimakon su riƙa ture juna a sekta ɗaya. Ƙari a kan haka, SSD ɗin zai fi kwamfutar tsawon rai, kuma sababbin kwamfutoci da yawa sun daina zuwa da hanyar tashi ta dā. Ranar da T430 ta gaji, ina so a zare shi a sa a wata ya tashi.

Windows 10 na da kayan aikin tun fitowar 1703, sunansa mbr2gpt, kuma ba ya goge bayanai. Na fara tabbatar da Windows ɗin mai bit 64 ne, don UEFI na wannan na'ura ba zai tayar da mai 32 ba. Sannan `mbr2gpt /validate /allowFullOS`. Ya ƙi: "Disk layout validation failed". Na san zai ƙi, so nake yaron ya gani da idonsa. Sharaɗinsa kada ɓangarorin tushe su wuce uku, domin shi ma gurbi yake nema ya sa ESP, kuma ba ya son ɓangaren da bai gane irinsa ba, kamar na Linux. Sda4 ya karya duka biyun. Muka share shi daga Disk Management, dama gawar Mint ce kawai a ciki. Gwajin ya wuce.

`mbr2gpt /convert /allowFullOS` bai ɗauki minti ɗaya ba. Da yake daga cikin Windows mai gudana aka yi, bai iya mayar da System Reserved ya zama ESP ba, sai ya gutsuri mega 100 daga C: ya yi sabo. A ƙarshe ya yi ƙorafin ya kasa sabunta ReAgent.xml, wanda ya shafi wurin farfaɗo da Windows. `Reagentc /disable` sannan `reagentc /enable` suka daidaita shi. Wannan juyi ba shi da komawa baya, shi ya sa ban yarda na yi shi ba sai da hoton faifan ke ajiye a gefe.

Bayan juyin, kwamfutar ba za ta ƙara tashi ta tsohuwar hanya ba. F1, Startup, UEFI Only. Windows ya tashi, `msinfo32` ya nuna BIOS Mode: UEFI.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na ba yaron kujera, ni na tsaya a bayansa. Filash ɗinsa na farko muka sa, tunda yanzu shi ne daidai da faifan. Kafin ya taɓa alamar ɗorawa na sa shi ya buga umarnin nan biyu da kansa ya karanta mini: foldar efi tana nan, teburi gpt ne, ga ɓangaren fat32 mai alamar boot da esp.

Something else. A filin da babu kowa, wanda ya ƙaru da ragowar da SSD ya fi tsohon faifan, ya yanka ext4 ya ba shi /. Ya kai hannu zai taɓa ƙaramin ɓangaren fat32 ɗin.

"Kawu, shi ma a goge?"

"Kul. Fayilolin tayar da Windows na ciki. Ka bar shi, manhajar za ta gan shi da kanta."

Mega 100 ya ishe su su biyu. Abin da Mint ke ajiyewa a can 'yan megabayit ne. Kwafi ya wuce, aka zo layin da ke cewa ana sa GRUB, yaron ya daina numfashi, layin ya wuce. Da aka sake kunnawa jerin GRUB ya fito da Mint a sama, Windows Boot Manager a ƙasa, kowanne ya tashi da aka zaɓe shi. A `efibootmgr` sunan da Mint ya yi rajista da shi ubuntu ne, foldarsa ma a ESP haka take, tunda a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi. Na gaya masa kada wata rana ya gan ta ya ce baƙuwa ce ya share.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kwamfutar ta yi yini ɗaya a shago ta dawo da ƙorafi biyu.

Na farko agogo. Duk lokacin da aka fito daga Mint aka shiga Windows, sai a tarar yana baya da awa ɗaya cif. Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, Windows kuma yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gida, mu kuwa muna gaban UTC da awa ɗaya. Da Windows na shiga intanet da ya gyara kansa, to na kashe masa Wi-Fi da gangan. Rasit ɗin da aka buga jiya duk da lokacin da ba shi ba suka fita. A Mint na buga `timedatectl set-local-rtc 1`. Yana gargaɗin cewa hakan kan kawo rikici wajen sauyin agogon bazara da hunturu, mu kuwa ba ma sauya agogo a Najeriya, don haka na bar shi a haka.

Na biyu, D: ba ya bayyana a Mint sai an danna shi, manhajojin da ke neman fayil a can kuma su ce babu. Na ɗauki lambar shaidarsa ta UUID daga `blkid` na sa masa layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa ɓangarorin da Mint zai buɗe yana tashi, da `nofail` don kada kwamfutar ta ƙi tashi in wata rana ya sami matsala. Na rubuta a takarda na manna a cikin murfin jakar: in D: ya koma na karatu kawai, a shiga Windows a sake buga `powercfg /h off`.

Na ƙara allon rubutu na Hausa a Mint don ƙ da ɗ da ɓ su samu ba tare da kwafe-kwafe ba. Firintar shagon ta fito da kanta da aka sa wayarta, shafin gwaji ya fita daidai. Daga cikin fayiloli ukun, bidiyon yana buɗewa, yana ɗan tsalle a wuri ɗaya ya wuce. Ɗaya na CorelDraw an sami kwafinsa a wani tsohon filash na shago. Kalandar Islamiyyar ce ta ƙi buɗewa sam, sai an sake zana ta daga bugaggen kwafin da ke rataye a bangon shagon, kuma yaron ya karɓi wannan aiki.

Abin da ya rage: batir, wanda ba a samu ba tukuna, don haka har yanzu duk ɗauke wuta kashewar dole ce. Sai shawarar ko a yi wa Windows ɗin rajistar ƙarin sabuntawar tsaro ta ESU, wadda aka sanar a 2025 cewa za ta kai 13 ga Oktoba 2026 amma tana buƙatar asusun Microsoft da barin sa ya riƙa shiga intanet. Yaya ta ce sai ta yi tunani. Hoton tsohon faifan zai zauna a faifan waje har ƙarshen Disamba, lokacin da aikin kalanda zai sa a buɗe kusan kowace folda a D:. In ba a ci karo da wani fayil mai rami ba zuwa lokacin, zan share shi in mayar da faifan wajen na ajiyar mako-mako ta shagon.